Mutumin da Ya Ƙi Buga Gandun Dabbobi

Duk wanda ya karanci Hausa a sakandare ko a kwalejin horon malamai a shekarun baya, da wuya a ce bai haɗu da Gandun Dabbobi ba, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell, wadda ta fito a 1975. A ajinmu kwafi uku ne kacal, ɗaya ma bangonsa ya cire an ɗinke shi da zaren buhu, haka muka yi ta karɓa-karɓa har ya zagaye ɗakin kwana. Mun tsani Maitumbi, mun ji tausayin Akawal, wasunmu har da ƙwalla a shafin da aka zo da mota aka tafi da shi. Ba mu san cewa saura ƙiris littafin ya ruɓe a cikin durowa ba. A 1944 kamfanonin buga littattafai na Landan sun yi ta mayar wa Orwell da rubutunsa, kuma wanda ya fara cewa ba ya so shi ne mutumin da ya fara fito da Orwell duniya, wanda bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu shi ke da haƙƙin fara ganin duk wani ƙagaggen labari da ya rubuta. Sunansa Victor Gollancz.

Da a nan labarinsa ya tsaya, da sai a ce wani ɗan kasuwa ne da ciniki ya wuce shi, a yi dariya a wuce. To amma wannan mutumin dai shi ne Bayahuden da ya tsaya gaban mutanen Ingila a 1945, gawarwakin 'yan uwansa ba su gama sanyi ba, ya ce a ciyar da Jamusawa. Shi ne kuma ya tara Yahudawan Birtaniya a 1948 don su kai agaji ga Larabawan Falasɗinu da yaƙi ya kora daga gidajensu. Na daɗe ina juya wannan al'amari: yaya mutum ɗaya zai iya irin wannan ƙarfin hali, kuma ya iya danne gaskiyar da aka kawo masa har teburinsa? Inda na tsaya shi ne, abubuwan biyu daga tushe ɗaya suka fito. Gollancz bai taɓa kallon littafi a matsayin haja kawai ba, makami ya ɗauke shi. Mai makami kuwa kullum yana lissafin wa zai sara, kuma yaushe.

Sai na ɗan ratse kan sana'ar, don a wajenmu ana yawan cakuɗa ta da wata. Marubucin Kano da ya gama labarinsa kan ɗauki kuɗinsa ya kai wa mai injin ɗab'i, a buga masa, ya kwasa ya kai wa dillalai a kasuwa, riba ko faɗuwa duk a wuyansa. Mai injin ba ruwansa da abin da ke ciki. Aikin su Gollancz daban ne. Mai kamfanin wallafa shi ke karanta rubutu ya ce wannan zai fita, wancan ba zai fita ba. Shi ke biyan marubuci kafin alƙalami, ya biya kuɗin takarda da ɗab'i, ya yi talla, ya raba wa shaguna. In littafi ya kwanta, kuɗinsa ne ya kwanta. Saboda haka shi ne mai tsaron ƙofa, kuma a zamanin da babu intanet, wanda masu tsaron ƙofa suka haɗu suka ƙi shi, muryarsa a ɗakinsa za ta ƙare.

An haifi Gollancz a unguwar Maida Vale ta Landan ranar 9 ga Afrilu, 1893. Kakansa ya taso ne daga yankin Folan, mahaifinsa ɗan kasuwar kayan ado ne mai riƙo da addinin Yahudanci kamar ya ci. Baffanninsa biyu manyan malamai ne: Hermann limamin Yahudawa ne kuma masani, Israel kuwa farfesan adabin Ingilishi. Tun yana yaro ya fara ja da mahaifinsa kan tsauraran dokokin ranar Asabar da kuma yadda ake tauye 'yan uwansa mata. Daga baya koyarwar Annabi Isa kan yafiya da son maƙiyi ta shige shi ƙwarai, amma bai taɓa shiga Kiristanci ba, bai kuma taɓa cire rigar Yahudanci ba. Wannan tsaka-mai-wuya ta bi shi har kabari.

Ya yi karatu a jami'ar Oxford. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya shiga soja, amma raunin ido ya hana a kai shi fagen daga, sai aka tura shi koyarwa a makarantar Repton, inda 'ya'yan masu hali ke karatu. A can shi da wani abokin aikinsa, David Somervell, suka buɗe ajin tattauna siyasa, suna sa yaran da ake shirya wa zuwa yaƙi su tambayi dalilin yaƙin. A 1918 aka sallame shi. Shugaban makarantar da ya sallame shi, Geoffrey Fisher, shi ne daga baya ya zama babban limamin Cocin Ingila. Wannan kora ita ce mabuɗin fahimtar mutumin. Malamin makaranta ne da aka ƙwace wa aji, sai ya shafe sauran rayuwarsa yana neman aji mafi girma.

Ya samu ajin a harkar littattafai. Ya fara aiki a kamfanin gidan Benn, ya nuna yana da hancin shinshino abin da zai sayu, har riba ta ninka. Amma shi mai ra'ayin gurguzu ne, maigidansa Ernest Benn kuwa ɗan jari-hujja ne na gidi, ga kuma saɓani kan matsayi da rabo. A 1927 ya ɓalle ya kafa nasa, da sunansa, a gida mai lamba 14 a titin Henrietta, kusa da kasuwar kayan lambu ta Covent Garden.

Dabarar kasuwancinsa abin a tsaya a kai ce. A lokacin, bangon littafi ana ƙawata shi da zane-zane masu kyau da tsada. Shi kuwa, tare da wani gwanin tsara haruffa mai suna Stanley Morison, suka zaɓi takarda ruwan ɗorawa mai kashe ido, babu hoto ko ɗaya, sai manyan haruffa baƙaƙe da ja mai sirkin shunayya. A kan bangon ake rubuta yabon littafin kai tsaye, kamar mai tallan magani a tasha. Mutum na sauri zai hau jirgin ƙasa, ya waiga teburin mai sayar da jaridu, rawayar nan ce za ta fara tsone masa ido. Ga araha wajen bugawa, ga shi ba a ɓata. Sannan ya riƙa sayen manyan filaye a jaridun Lahadi yana zuba talla da haruffa ƙato-ƙato, abin da dattawan sana'ar ke gani rashin kamun kai ne. Su suna tsaki, shi yana ƙirga kuɗi. Marubutan da suka cika masa aljihu su ne irin su Daphne du Maurier da labaranta na soyayya da fargaba, da Dorothy Sayers mai labaran binciken kisa, da A. J. Cronin. Can gaba, a 1963, shi ya buga littafin leƙen asirin da ya ɗaga sunan John le Carré. A lura da wannan: kuɗin labaran nishaɗi ne suka riƙa ciyar da littattafan siyasa da ƙasidun agaji. Ba don su ba, da wa'azinsa bai wuce bakin ƙofa ba.

Hitler ya hau mulki a Jamus a 1933, kuma a shekarar Gollancz ya buga littafin da ke fallasa ta'asar 'yan Nazi, lokacin da manyan Ingila da dama ke ganin mutumin abokin tafiya ne. A 1936 ya yi abin da ya fi shahara da shi. Shi da John Strachey da Farfesa Harold Laski suka kafa ƙungiyar masu karatu da ake kira Left Book Club, wato ƙungiyar littattafan masu ra'ayin sauyi. Tsarin mai sauƙi ne kamar adashi. Ka yi rajista, ka yi alkawarin karɓar littafi ɗaya kowane wata, ka biya sule biyu da sisi, alhali irin wannan littafi a shago yakan ninka haka sau uku ko fiye. Tunda kamfani ya san yawan masu saye tun kafin a kunna inji, sai ya buga dubbai a lokaci guda, farashi ya faɗo, babu kwantai. Su ukun ke zaɓar littafin wata. Bangonsa mai laushi ne ruwan lemo, ta yadda in ka hango shi a hannun mutum cikin bas ka san naka ne.

Abin ya wuce tsammaninsu. Zuwa 1939 mambobi sun kai dubu hamsin da bakwai, ga ƙananan rassa fiye da dubu a garuruwa da masana'antu, inda ma'aikacin ma'adinin kwal da malamin firamare da akawu ke haɗuwa da dare su tattauna littafin wata. Suna da mujallarsu, suna cika babban zauren Albert Hall da taro, suna tara wa 'yan jamhuriyar Sifen gudummawa a yaƙin basasarsu. Gollancz da kansa ya riƙa zagaya ƙasa yana jawabi har muryarsa ta dushe. Masana tarihi da yawa na ganin wannan makarantar dare ta taimaka wajen share fagen gagarumar nasarar da jam'iyyar Leba ta samu a zaɓen 1945. Korarren malamin Repton ya samu ajinsa.

A nan ne kuma tsutsar ta shiga goro. Manufar ƙungiyar ita ce haɗa kan duk masu adawa da Hitler da Mussolini na Italiya, kuma a wancan lokaci 'yan kwaminis ne suka fi kowa tsari da zafin nama a wannan fage. Strachey nasu ne a zuciya, ko da bai yanki katin jam'iyya ba. Su ne ke riƙe da rassa da dama, wasunsu ma suna cikin ofishin Gollancz. Sannu a hankali sai ya zama akwai abin da ba a faɗa. A daidai shekarun da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ke yi wa abokan tafiyarsa shari'ar je-ka-na-yi-ka a Mosko yana harbe su, ƙungiyar na raba wa mambobinta littattafan da ke wanke Tarayyar Sobiyet tas. Gollancz ba jahili ba ne, kuma shakku ya zo masa. Amma ya lallashi kansa da cewa Hitler ne babbar wuta, duk abin da zai raba kan masu kashe ta a ajiye shi sai wani jiƙon.

Orwell ne ya zame masa ƙashin kifi a maƙogwaro. Gollancz ne ya buga littafinsa na farko a 1933, a kan fam arba'in na kafin alƙalami, lokacin da wasu suka ƙi shi. Shi ne kuma ya tura shi arewacin Ingila ya ga yadda marasa aikin yi ke rayuwa. Orwell ya dawo da littafi mai kashi biyu: na farko ya zayyana talauci yadda ake so, na biyu kuwa ya juya kan 'yan gurguzun kansu yana yi musu tsiya, yana cewa halinsu ne ke korar talaka daga tafiyar. Gollancz ya rasa yadda zai yi. Ya fitar da shi a 1937 a matsayin littafin wata, amma ya liƙa masa doguwar gabatarwa da hannunsa yana gargaɗin mai karatu kada ya ɗauki kashi na biyu da muhimmanci. Ka ji fa, mai shago yana miƙa maka kaya yana ce maka rabinsa algus ne.

Kafin littafin ya fito Orwell ya riga ya tafi Sifen yaƙi. Can harsashi ya huda masa wuya, ya kuma ga da idonsa yadda 'yan kwaminis masu karɓar umarni daga Mosko ke farautar 'yan uwansu 'yan gurguzu a Barcelona, suna ɗaure su da sunan 'yan leƙen asirin abokan gaba. Da ƙyar ya tsallake iyaka da ransa. Da ya nemi ya rubuta abin da ya gani, Gollancz ya ƙi tun kafin a rubuta shafi ɗaya. Ƙaramin kamfanin Secker da Warburg ne ya buga shi a 1938, kwafi dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma ko su ba su ƙare ba har Orwell ya mutu. Da ta hannun ƙungiyar ya bi, da mutum dubu arba'in ko hamsin sun karanta shi a wata guda. A ganina wannan ne babban laifin Gollancz, ya fi na 1944 nauyi nesa ba kusa ba. Shaida ce ta wanda ya gani da ido, a kan mutanen da ake kashewa a lokacin, kuma an rufe mata ƙofa ne don kada ta ɓata wa tafiya suna.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Agusta na 1939 Stalin ya ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Hitler, suka raba Folan tsakaninsu, kuma 'yan kwaminis na Birtaniya suka wayi gari suna cewa yaƙi da Jamus ba nasu ba ne. Gollancz ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Abin yabo a nan shi ne bai yi shiru ya sulale ba. A 1941 ya tattara ƙasidu a littafi guda yana tona yaudarar 'yan kwaminis, ya amsa cewa shi ma ya yi kuskure wajen danne abin da ya kamata a faɗa, har ya sa rubutun Orwell a ciki. Ƙungiyar ba ta sake komawa yadda take ba, ta yi ta ja da ƙyar har aka rufe ta a 1948. A tsakanin nan, a 1940, ya buga wani ɗan littafi da 'yan jarida uku suka rubuta da sunan aro, cikinsu har da Michael Foot wanda daga baya ya shugabanci jam'iyyar Leba, suna kiran sunayen shugabannin da suka yi ta lallaɓa Hitler. Manyan dillalai suka ƙi ɗauka, sai aka riƙa sayar da shi a kan baro a titi, ya tafi kusan kwafi dubu ɗari biyu.

To me ya sa mutumin da ya tuba a 1941 ya sake ƙin littafin dabbobi a 1944? A yi masa adalci. A lokacin Rasha ta koma ƙawar Birtaniya, sojojinta ne ke ɗauke da mafi nauyin yaƙin, mutanenta na mutuwa da miliyoyi. Orwell da kansa ya gaya masa tun farko cewa labarin sukar Stalin ne kuma ba zai yi masa ba. Ba shi kaɗai ya ƙi ba: kamfanin Jonathan Cape ya karɓa sannan ya janye bayan ya ji ta bakin wani jami'in ma'aikatar yaɗa labarai, mawaƙi T. S. Eliot ma ya mayar da shi a madadin kamfanin Faber. Sai a watan Agusta na 1945 Secker da Warburg suka fitar da shi. Gollancz bai ce ƙarya ke cikin littafin ba, cewa ya yi lokacin bai dace ba. Uzurin yana da ƙarfi, amma tsohon halin ne dai ya sake leƙowa: auna gaskiya da mudun amfanin da za ta yi wa tafiya.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne wani Gollancz ɗin ya fito, wanda ba ya tambayar ko lokaci ya dace. Ranar 17 ga Disamba, 1942, ministan harkokin waje Anthony Eden ya sanar da majalisar dokoki cewa Jamus na aiwatar da shirin ƙare Yahudawan Turai. 'Yan majalisa suka miƙe tsaye suka yi shiru na ɗan lokaci, suka zauna, aka ci gaba da harka. Gollancz ya kulle kansa a kwanakin Kirsimeti ya rubuta ƙasida, ya ce an riga an kashe tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma in ba a tashi ba miliyan shida za su tafi. Ya jero abin da za a iya yi: a buɗe iyakoki, a tallafa wa ƙasashen 'yan ba-ruwanmu su karɓi masu gudu, a sassauta dokar biza. Ƙasidar ta sayu kusan kwafi dubu ɗari biyu da hamsin. Shi da 'yar majalisa Eleanor Rathbone suka yi ta buga ƙofofin gwamnati, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Adadin da ya faɗa kuwa shi ne ya tabbata. A tsakiyar 1943 jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suka gaza, ya kwanta watanni, ba barci, ga firgici, ga jin cewa Allah ya juya masa baya.

Wanda ya sha wannan, in ya ce a bar Jamusawa su ɗanɗani kuɗarsu, ba mai ganin laifinsa. Shi kuwa a watan Afrilu na 1945, hotunan Buchenwald, sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi, na yawo a jaridu, ya fitar da ƙasida yana tuna wa mutane cewa Jamusawa masu adawa da Hitler na cikin waɗanda aka fara tsarewa a irin waɗannan sansanoni, don haka ba a yi wa al'umma guda kuɗin goro. A watan Satumba ya kafa gangamin Save Europe Now, wato a ceci Turai yanzu. Jamus ta zama kufai, an koro miliyoyin Jamusawa daga gabashin Turai, kuma a yankin da Birtaniya ke riƙe da shi rabon abinci ya faɗi zuwa kusan kalori dubu ɗaya a rana a 1946, ƙasa da rabin abin da jikin babba ke bukata. Abin da ya roƙa ya yi wa mutane ɗaci: a ƙyale ɗan Ingila ya yanki wani abu daga nasa rabon ya aika wa maƙiyin jiya. A tuna cewa a shekarar ce aka fara rabon burodi da kati a Birtaniya, abin da ko a tsakiyar yaƙi ba a yi ba. Gwamnati ta hana aika ƙunshin abinci. Ministan abinci da ya yi ta fama da shi kuwa ba wani ba ne illa John Strachey, abokinsa na zaɓen littafin wata. Sai a ƙarshen 1946 aka ɗage hanin.

A kakar wannan shekara ya je da ƙafarsa, ya yi kusan mako shida yana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a Hamburg da Düsseldorf inda iyalai ke kwana cikin danshi. Ya sa aka ɗauki hotuna fiye da ɗari ya zuba a littafi: yara masu kumburin yunwa, haƙarƙari a waje, da takalman 'yan makaranta da suka rage sai igiya da guntun fata. A hotuna da dama ana ganinsa shi ma, dattijo mai sanƙo da tabarau, hannunsa a kafaɗar yaro. Masu sukarsa suka ce ga shi nan, ko a cikin yunwar wasu sai ya nemi a gan shi. Shi kuwa ya san sana'arsa, ya san mai karatu ya fi yarda da hoton da ya ga wanda ya sani a ciki. Ina jin dukansu biyu sun faɗi gaskiya.

Irin taimakonsa ke nan. Ba attajirin da ke raba buhunan shinkafa a ƙofar gida ba ne, kodayake ya ba da nasa. Jarinsa shi ne injin ɗab'i, da jerin adiresoshi, da iya rubuta tallar da za ta hana mutum barci. Ofishin titin Henrietta ya zama hedikwatar kowane gangami, ma'aikatan da aka ɗauka don littattafai su ne ke buɗe wasiƙu da ɗaure ƙunshi. A 1948, da yaƙin kafa Isra'ila ya raba Falasɗinawa kusan dubu ɗari bakwai da gidajensu, ya kafa ƙungiyar agaji ta Yahudawa wadda aikinta na farko shi ne taimakon Larabawa 'yan gudun hijira, kuma hakan ya jawo masa baƙin jini a cikin danginsa. A watan Fabrairu na 1951 ya rubuta wasiƙa a jaridar Manchester Guardian yana kiran a kawo ƙarshen yaƙin Koriya a juya kan yaƙi da talauci a duniya, ya ce duk wanda ya yarda ya aiko masa da kati ɗauke da kalma ɗaya, “eh”. Dubban katuna suka zubo. Daga nan ƙungiyar War on Want, wato yaƙi da talauci, ta samo asali, kuma wanda ya jagoranci rubuta rahotonta na farko shi ne Harold Wilson, wanda ya zama firaminista a 1964. A 1955 shi da marubuci Arthur Koestler suka tayar da gangamin soke hukuncin kisa, aka kuma dakatar da rataya kan laifin kisan kai a Birtaniya a 1965. Da Isra'ila ta kama Adolf Eichmann, ɗaya daga cikin manyan masu tsara jigilar Yahudawa zuwa mahallaka, Gollancz ya rubuta ƙasida a 1961 yana cewa kada a kashe shi. Nan kam har masoyansa da yawa suka ce ya wuce gona da iri. An rataye Eichmann a 1962.

Waɗanda suka zauna da shi kuwa labarinsu daban ne. Hausawa na cewa inuwar giginya, na nesa ka sha ki, kuma kamar da shi aka yi karin maganar. Masu tarihin rayuwarsa sun nuna mutum ne mai son yabo kamar yaro, mai saurin fushi, mai tsawa a ofis, mai matse hannu wajen albashi da kafin alƙalami. Mai wa'azin yafe wa Eichmann yakan kasa yafe wa marubucin da ya koma wani kamfani. Ya yi faɗa da Koestler a tsakiyar gangaminsu, ya ɓata da abokan tafiya a kusan kowace ƙungiya da ya kafa, kuma da zarar wani sabon al'amari ya ɗauke masa hankali sai ya bar wa wasu wahalar tsohon. Matarsa Ruth, wadda ya aura a 1919 suka haifi 'ya'ya mata biyar, ita ta san irin haƙurin da ta yi. Ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba. Tausayinsa na gaske ne, har ya kwantar da shi ciwo. Sai dai tausayi ne na mai tsayawa a gaban aji, yana bukatar jama'a su zauna su saurara, kuma ba ya jure wanda zai ɗaga hannu ya ce malam ka yi kuskure. Orwell ɗalibin da ke ɗaga hannu ne.

Jamusawa ba su manta ba. A 1960 suka ba shi lambar zaman lafiya ta masu harkar littattafai a Frankfurt, kuma akwai tituna da makarantu masu sunansa a ƙasar, har da wani titi a Berlin. A gida sai a 1965 Sarauniya ta ba shi sarautar Sir, lokacin mulkin Wilson. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1967, yana da shekara 73. Babbar 'yarsa Livia, wadda tun farko mabushiyar ƙaho ce a ƙungiyar makaɗa kafin ta shigo kamfanin, ita ta riƙe shi har 1989, sannan ta sayar wa wani kamfanin Amurka. Ya yi ta sauya hannu har ya faɗa cikin rukunin Orion. Sunan Gollancz na nan a gindin littattafai har yau, amma abin da ake bugawa da shi yanzu labaran ƙirƙira ne na jiragen sama jannati da dodanni da matsafa.